Daga Dakar zuwa Damagaram: tarihin makarantun jinya da zaɓin ƴaƴan Damargu

Kowace shekara, da zarar an fitar da sakamakon jarrabawar BEPC da ta Bak, tambaya guda takan yawaita a gidajen Tanut da Balbeji da ƙauyukan da ke kewaye da su: wace makarantar kiwon lafiya ta dace yaro ko yarinya su shiga? Tambayar tana da nauyi, domin sau da yawa sai an buɗe rumbu ko an kai tumaki kasuwa kafin a haɗa kuɗin karatun, kuma malaman makaranta ake fara tunkara da ita. Hausawa na cewa waiwaye adon tafiya. Duk wanda zai ba da shawara a kan wannan zaɓi, ya kyautu ya san inda makarantun suka samo asali da irin aikin da aka kafa kowace dominsa.

Kafin zuwan Turawa, Damargu zango ce ta ayarin da ke tsakanin Kano da Damagaram da Agadas, kuma rumbun hatsin mutanen Abzin. Masu kula da lafiyar jama'a a lokacin su ne wanzamai masu ƙaho da kaciya da cire beli, da maɗora masu gyaran karaya, da ungozomai, da masu sassaƙe da saiwoyi, da malamai masu rubutun sha. Dukansu gado suke yi ko su koya a hannun wani gwani, jama'ar gari kuwa ita ke shaidar ƙwarewarsu.

Rundunar Foureau da Lamy ta ratsa Damargu a 1899 a kan hanyarta ta zuwa Damagaram, kuma likitocin farko da ƙasar nan ta gani na soja ne, sojoji suka zo yi wa magani. A 1905 gwamna janar Ernest Roume ya kafa hukumar kula da lafiyar ƴan ƙasa a Afirka ta Yamma da ke hannun Faransa, wadda aka sani da AMI. Da yake likitocin Faransa ba su da yawa, sai suka riƙa ɗaukar samari suna koya musu wankin miki da allura da rabon magani a bakin aiki. Waɗannan su ne anfirmiye na farko, ba su da aji, ba su da littafi, sai ido da hannu.

A 1918 aka buɗe makarantar likitanci ta Dakar a ƙarƙashin Aristide Le Dantec, tana horar da mataimakan likitoci da ungozomai na zamani domin yankin baki ɗaya. Daga can Félix Houphouët-Boigny ya fito a 1925. To amma hanyar Dakar ƙunci gare ta: sai yaro ya gama firamare, ya haye gasa bayan gasa, ga makarantun boko ƴan ƙalilan a Nijar, ga kuma hedkwatar mulki ta bar Damagaram ta koma Yamai a 1926. Ɗan Damargu na wancan zamani ba ya ma cikin lissafi. Wata hanyar ta biyu ta buɗe a Bobo Julaso, inda makarantar da ke ɗauke da sunan likita Eugène Jamot ta horar da anfirmiye masu yawon ƙauyuka. An fara da yaƙi da ciwon barci, daga 1945 aka faɗaɗa aikin ya haɗa da wasu cututtukan annoba irin su kuturta da sanƙarau. Wannan salo na bin mutane har rugagensu da rijiyoyinsu shi ya fi dacewa da ƙasa irin tamu, wadda ke cikin yankin sanƙarau da likita Léon Lapeyssonnie ya bayyana iyakokinsa a 1963.

Bayan samun ƴancin kai a 1960, Nijar ta kafa makarantarta a Yamai, wadda ta zama ENSP, daga baya aka raɗa mata sunan Damouré Zika, ma'aikacin lafiyar nan da ya yi suna a finafinan Jean Rouch. Cikin shekarun 1970 aka buɗe ENICAS a Damagaram, domin samar da anfirmiye da mataimakan aikin jin ƙai, kuma ita ce ta rikiɗe ta zama ENSP ta Damagaram. A karon farko ƙofar wannan sana'a ta matso kusan kilomita 150 daga Tanut. A gefe guda, tun cikin shekarun 1960 aka soma gwada wani tsari a yankin Maraɗi, inda ƙauye ke zaɓen mutanensa a koya musu taimakon farko, a kuma ƙara wa ungozomai ilimi. Taron Alma Ata na 1978 da shirin Bamako na 1987 sun ƙarfafa wannan tunani na kai magani kusa da talaka.

Daga 2001, shirin musamman na shugaba Mamadu Tanja ya gina ƙananan ɗakunan shan magani a karkara, aka damƙa su ga ma'aikatan da suka sami horo na ƴan watanni. Tsakanin 2005 da 2006 gwamnati ta ɗauke wa mata kuɗin fiɗar haihuwa, ta kuma ɗauke kuɗin maganin yara ƴan ƙasa da shekara 5. Majinyata suka ƙaru, ƙungiyoyin agaji da suka shigo lokacin yunwar 2005 suka shiga neman ma'aikata, makarantu masu zaman kansu suka yawaita a Yamai da Maraɗi da Damagaram. A 2011 Balbeji ta zama gunduma mai zaman kanta bayan an cire ta daga Tanut, abin da ya ƙara buƙatar ma'aikata a yankin.

Darasi na farko da wannan tarihi ke koyarwa shi ne, sana'ar jinya tun asali hawa hawa ce, kuma kowane hawa da ƙofarsa. Mai BEPC yana shiga sashen ASB na shekara 3, mai Bak kuma sashen lisans na jinya ko na ungozoma, shi ma shekara 3. Matsayin da za a ɗauki mutum aiki a kai da damar ƙarin karatunsa sun rataya ga ƙofar da ya shiga. Saboda haka yarinyar da ke da ƙoƙari a lissafi da kimiyya, kuma gidansu na iya jurewa, zai fi mata riba ta ƙarasa lise kafin ta nufi makarantar lafiya.

Na biyu, shaidar da jama'ar gari ke yi wa wanzami a dā, hukuma ce ke yin ta yanzu. Yawaitar makarantu ya sa aka kafa jarrabawa guda ta ƙasa wadda ɗaliban makarantun gwamnati da na masu zaman kansu ke zaunawa tare. Uban da zai biya kuɗi yana da haƙƙin a nuna masa takardar izinin makarantar, ya tabbata izinin ya shafi ainihin sashen da ɗansa zai shiga, ya kuma tambayi ɗalibai nawa aka gabatar a jarrabawar bara, nawa suka haye. Kyan gini da tallar rediyo ba sa amsa ko ɗaya daga cikin waɗannan tambayoyi.

Na uku, tun zamanin anfirmiye na farko, a gefen gadon majinyaci ake koyon jinya. Makarantar da ke tura ɗalibanta babban asibitin Damagaram da gidajen haihuwa, sannan ta kai su cibiyoyin lafiya na karkara a ƙarƙashin idon ƙwararre, ta fi wadda ke tara su a aji ana yi musu shifta. Wanda za a tura Tarka ko Gangara ko Olelewa yana iya samun kansa shi kaɗai da dare, gabansa mace mai naƙuda ko yaro mai zazzaɓi da taurin wuya, asibitin gunduma kuma da nisa.

Abu na huɗu ya shafe mu kai tsaye, mu malaman harshe da ƙungiyoyin al'adu. Da faransanci ake karatun jinya, amma majinyatan Damargu da Hausa da Barbarci da Buzanci da Fillanci suke faɗin abin da ke damunsu. Ɗan yankin da ya iya harsunan nan yana da jarin da ba a sayarwa a kowace makaranta, muddin ya kuma mallaki faransancin da zai karanta takardar magani ba tare da kuskure ba. Tattara sunayen cututtuka da na gaɓoɓin jiki a harsunanmu, tare da tsofaffin anfirmiye da ungozomai da suka yi ritaya, aiki ne da ƙungiyoyinmu ke iya somawa ba da wani kuɗi mai yawa ba.

Ba a fafe gora ranar tafiya. Lokacin da ya dace a tara iyaye da ɗaliban ajin ƙarshe a yi musu wannan bayani shi ne tun cikin rani, kafin jarrabawa, domin idan sakamako ya fito damina ta kama, iyaye na gona, kuma gaggawa ce ke yin zaɓin a madadinsu.