Dambatta (sunan mutane)

Dambatta, ko Danbatta, suna ne da wasu fitattun mutane suke ɗauka, wanda asalinsa garin Dambatta ne da ke arewacin Jihar Kano, a yankin noman gero da dawa da gyaɗa inda ƙauyuka suke kusa da juna. Tarayya a sunan ba ta nufin dangantakar jini, domin al'adar jingina mutum ga garinsu ta yi ƙarfi ne a makarantun boko na zamanin Turawa, inda ake bambanta ɗalibai masu suna ɗaya da sunan mahaifarsu. Haka ma wasu sunayen zuriya na Sukotland, irin su Murray da Douglas, daga wurare suka samo asali.

Magaji Dambatta ɗan jarida ne kuma ɗan siyasa, yana cikin mutum takwas da suka kafa jam'iyyar NEPU a Kano ranar 8 ga Agusta, 1950, wadda ta tsaya wa talakawa a kan zaluncin hukumar En'e, wato gwamnatin gargajiya da Turawa suke mulki ta hannunta, abin da a lokacin ba ƙaramar kasada ba ce ga matashi. Ya rubuta tarihin rayuwarsa da Turanci.

Farfesa Umar Garba Danbatta kuwa injiniyan lantarki ne da ya koyar a Jami'ar Bayero, kuma ya shugabanci Hukumar Sadarwa ta Nijeriya daga 2015 zuwa 2023.