Gidajen da guguwar Andrew ta yaye wa rufi

Da asubahin Litinin 24 ga Agusta, 1992, mahaukaciyar guguwar da aka raɗa wa suna Andrew ta fito daga teku ta afka wa kudancin gundumar Dade, a jihar Florida ta Amurka, da iska mai gudun kusan kilomita 265 a sa'a. Kafin hantsi ta wuce. Ta rusa gidaje sama da 25,000, ta lalata wasu fiye da 100,000, ta bar garin Homestead tamkar kufai. An ƙiyasta asarar da sama da dala biliyan 25, abin da Amurka ba ta taɓa gani daga wata guguwa ba kafin nan.

Abin da ya ɗaure wa mutane kai shi ne, Dade ce ke tinƙaho da ƙa'idojin gini mafi tsauri a kan iska. A Amurka ba gwamnatin tarayya ke ba da izinin gini ba. Wannan aiki na gunduma ne ko na birni, matakin da ke ƙarƙashin jiha, kusan kwatankwacin ƙaramar hukuma. Mai gini zai kai zane, a duba, a ba shi takardar izini, sannan sufeto ya riƙa zuwa a kowane mataki: a harsashi, a ɗaurin katako, a rufi, a wayar lantarki da bututun ruwa. Sai ya sa hannu na ƙarshe ake ba da shaidar shiga gida. A wancan lokaci, tun 1957 Dade take aiki da Kundin Ƙa'idojin Gini na Kudancin Florida, wanda ya wajabta a tsara gini yadda zai jure iska mai gudun kilomita 190 da ɗoriya a sa'a. Waɗanda suka rubuta shi ba su manta da guguwar 1926 da ta ragargaza Miami ba.

Da farko an ɗora laifin duka a kan ƙarfin iskar, kuma da gaskiya a ciki, domin a tsakiyar hanyarta ta zarce abin da kundin ya tanada. To amma jaridar Miami Herald ta yi wani aiki da ya canza maganar. Ta tattara bayanan ɓarnar gida-gida, ta haɗa su da shekarar da aka gina kowane gida da kuma ƙarfin iskar da ta bi ta unguwarsa. Sai ta gano cewa gidajen da aka gina daga wajen 1980 zuwa gaba sun fi tsofaffi lalacewa, har a unguwannin da iskar ba ta kai maƙura ba. Ga tsohon gidan bulo tsaye da rufinsa, ga sabuwar unguwa kusa da shi a kwance. A 1993 jaridar ta sami lambar yabo ta Pulitzer saboda aikinta a kan guguwar.

Injiniyoyin da suka bi kango-kango sun ga yadda abin ya faru. Iska ba ta cika ture gida daga waje kawai ba. Takan tsinko tayil ko reshe ta fasa taga, ko ta lanƙwasa ƙofar gareji, ta kutsa ciki. Da zarar ta shiga sai ta riƙa tura rufin daga ƙasa, a daidai lokacin da wadda ke wucewa ta sama take zuƙarsa. Abin da ke riƙe da gidan a wannan ɗan lokaci ƙusoshi ne da ƙarafan da suka ɗaure rufi da bango. A gidaje da yawa an tarar da allunan rufi da ƙusoshinsu suka kuskure katakon da ke ƙasa, suna reto a banza. Wasu ma ba ƙusa aka sa musu ba, siraran wayoyi ne masu ƙafa biyu da ake harbawa da inji. Bangon alwatika na ƙarshen rufi kuwa an bar shi babu tokari, iska na taɓa shi ya faɗa ciki.

Wani ɓangare na wannan ha'incin magina ne, wani kuma da yardar hukuma aka yi shi. Bayan guguwar Betsy ta 1965 yankin ya shafe shekaru fiye da ashirin bai ga babbar guguwa ba. Jama'a suka yi ta kwarara, unguwanni suka yi ta tsirowa a gonaki, hukumar da ke sauraron ƙorafin magina ta yi ta sassauta sharuɗɗa ɗaya bayan ɗaya: ta halatta wayoyin nan a madadin ƙusa, ta amince da allunan da ba su kai na da ƙwari ba. Kowane sassauci in an ɗauke shi shi kaɗai ba ya kama da babban abu. Sufetoci kuma aiki ya fi ƙarfinsu, ana lafta wa mutum ɗaya gidajen da ba zai iya duba su da kyau a yini guda ba. Rufi kuwa ba a duba shi daga cikin mota, sai an kafa tsani an hau. Kwamitin 'yan ƙasa da kotu ta ɗora wa bincike bayan guguwar ya zargi magina da hukumar gunduma tare.

Gyaran ya zo ta hanyoyi biyu. A 1994 aka sake tsaurara kundin, aka wajabta kare tagogi da ƙofofi. Gwajin da aka ƙirƙira domin haka ya shahara: ana harba katako mai nauyin kusan kilo 4 a kan taga da gudun kilomita 55 a sa'a, in ya huda ta ba za a amince da ita a matsayin mai jure guguwa a gundumar ba. Jihar kuma ta lura cewa hukumomi sama da 400 ne ke da hannu a ƙa'idojin gini a cikinta, sai ta haɗe su a kundi guda da ya fara aiki a Maris 2002. Hanya ta biyu ta kuɗi ce. Kamfanonin inshora sun biya kusan dala biliyan 15 da rabi, wasunsu suka durƙushe. Daga tsakiyar shekarun 1990 masana'antar ta fara auna ofisoshin izinin gini da kansu tana ba su maki: sufetoci nawa ke nan, wane horo suka samu, wane kundi suke bi. Garin da ofishinsa ya sami maki mai kyau, mazaunansa na iya samun rangwame a kuɗin inshora. Mai yiwuwa wannan ya fi kowace doka sa 'yan siyasar gari su ware wa sufetoci kasafi.

Duk wannan ya shafi sabon gini ne. Tsohon gini yana da nasa labarin a wannan gunduma, wadda aka sauya wa suna zuwa Miami-Dade a 1997. A Agustan 1974 wani tsohon bene da hukumar yaƙi da miyagun ƙwayoyi ke amfani da shi a Miami ya rufta, mutum 7 suka mutu. Gishiri ya riga ya ci ƙarfen da ke cikin kankarensa. Daga nan gundumar ta kafa dokar cewa duk babban gini da ya cika shekara 40 sai injiniya ya sake tantance shi.

Champlain Towers South, bene mai hawa 12 a bakin teku a garin Surfside, an kammala shi a 1981. A Oktoban 2018 injiniyan da masu gidajen suka ɗauka ya rubuta cewa daben kankaren da ke ƙarƙashin farfajiyar wurin ninƙaya ya yi mummunar lalacewa, ruwa na ratsa shi. Rahoton ya isa ofishin gini na garin, amma bayan wata guda jami'in ofishin ya shaida wa mazauna cewa ginin yana cikin kyakkyawan yanayi. Kuɗin gyara ya kai wajen dala miliyan 15, kuma daga aljihun mazaunan zai fito, aka yi ta jan ƙafa. Da misalin ƙarfe ɗaya da rabi na daren 24 ga Yuni, 2021, a shekarar da ginin ya cika 40, wani babban sashensa ya rufta da mutane suna barci, 98 suka rasu. A 2022 majalisar jihar ta mayar da binciken farko zuwa shekara 30 ga benaye masu hawa uku zuwa sama na gidajen haɗaka, ta kuma hana masu su kaɗa ƙuri'ar yafe wa kansu tara kuɗin gyaran ginshiƙai da rufi, abin da doka ta ba su dama a da.