Kunne da Ido: Tafiyar Ingilishi a Makarantun Damagaram

Sa'ad da James Richardson, Baturen Ingila, ya sauka Zinder a watan Janairu na 1851, zamanin Sarki Ibrahim, babu mai buƙatar harshensa a garin. Da Larabci da tafinta ya yi hulɗa da fada, ya yi ƴan makonni, ya kama hanyar Kukawa, ajali ya cim masa kafin ya isa. Damagaram ta wancan zamani gabas da arewa ta sa gaba: Borno da ake kai wa gaisuwa, da Turabulus inda ayari ke fitowa. Karatu kuwa na allo ne da na zaure, kuma ɗalibi sai ya ji daga bakin malam kafin ya bi da ido.

Ba a Birni, unguwar fadar Zinder, aka yanke wane harshen Turawa za mu koya ba. Bayan kashe Kyaftin Cazemajou na Faransa a 1898, da yaƙin Tirmini na 1899 wanda ya karya Sarki Amadu Kuran Daga, Faransawa suka zauna daram. A 1903 Turawan Ingila suka ci Kano, sannan yarjejeniyoyin 1904 da 1906 suka ja iyakar da ta raba mu da Daura da Kazaure. Daga 1911 zuwa 1926 Zinder ce babban birnin ƙasar Nijar, kuma lakwal ɗin da aka buɗe aikinta fitar da tafinta da magatakarda masu jin Faransanci. Ingilishi ba shi da kujera a wannan aji.

Sai dai iyaka ba ta toshe kunne. Tsakaninmu da Kano bai wuce kilomita 240 ba, kuma bayan da jirgin ƙasa ya iso can a 1911 gyaɗar Magarya da Matamaye ta riƙa gangarawa kudu, ƴan ci-rani na biye da ita. Suka dawo da Ingilishin tasha da na kanti: ƙidaya, farashi, gaisuwa, umarnin ɗan sanda. Ba su iya rubuta ko harafi ɗaya daga ciki ba, amma suna ji, suna mayar da amsa. Rediyo ya ƙara buɗe ƙofar. BBC ta fara shirin Hausa a 1957, kuma yaron da ya gama jin labarai tare da mahaifinsa yakan ɗan murɗa akwatin ya faɗa tashar Ingilishi. A 1959 Muryar Amurka ta ƙirƙiro shirin Special English, inda aka riƙa karanta labarai sannu a hankali da kalmomi kimanin 1,500. Da yawa daga cikin tsofaffin malamanmu na Ingilishi a nan suka horar da kunnensu, cikin shuuu ɗin gajeren zango, da dare bayan isha.

Samun ƴancin kai a 1960 shi ya shigar da harshen aji sosai. Aka yawaita kolejoji, aka sa Ingilishi tun daga ajin farko na kolej har ƙarshen lise, kuma a 1962 rukunin farko na ƴan sa-kai na Peace Corps ya iso Nijar, aikinsu koyar da Ingilishi. Wanda ya zauna a irin waɗannan azuzuwa ba ya manta tsarin. Mushe, wato malami, ya ce a rufe littafi, ya karanta matani sau biyu, na farko da sauri, na biyu yana tsayawa a kan kowace jimla, sannan ya fara nuna yara da alli yana tambaya. Littafi ɗaya tsakanin mutum uku. In bai isa ba, a kwafe matanin daga allo zuwa kaye, rabin sa'a ta tafi a nan. Inda aka yi dace da rikoda da batir, kaset ɗaya yakan zagaya azuzuwa har muryar cikinsa ta dishe.

Littattafan ma sun yi tasu tafiya, kuma wannan canji ya cancanci a tsaya a kansa. Na farko don yaran Faransa aka rubuta su, cike da hazon Landan da jirgin ƙarƙashin ƙasa, abubuwan da ɗan Zango ko Sabon Gari bai taɓa gani ba. Nauyi biyu aka ɗora masa: ga baƙon harshe, ga baƙuwar rayuwa. Daga baya aka kawo English for French-speaking Africa, sannan English for the Sahel wanda aka tsara don kolejojin Nijar, da Go for English a lise. Da sunaye suka zama namu, labari ya koma na rijiya da kasuwa da damina, sai yaro ya fara cankar ma'anar kalmar da bai sani ba daga abin da ke kewaye da ita. Wannan cankar ita ce asalin fahimtar karatu.

Amma jarrabawa ita ke jan akalar aji. Takardar Ingilishi ta BEPC, a ƙarshen kolej, da ta BAC, a ƙarshen lise, a kan matani take tsaye: a karanta, a amsa tambayoyi, a ce gaskiya ne ko ƙarya, a yi nahawu, a ɗan yi rubutu. A nan gani ya kori ji. Malamin da watan jarrabawa ke tunkaro shi, ga yara fiye da yadda ido zai iya bi, ba zai kashe lokaci a kan abin da ba shi da maki mai yawa ba. Ɗalibai kuma suka gano dabara: a nemi kalmar tambaya a cikin matani, a kwafe jimlar da ta fito a ciki. Ana samun maki da haka, amma mun ga masu BAC da suka fito daga Lise Amadu Kuran Daga da sauran makarantu da sakamako mai kyau, suka je Kano, direba mai aji uku na firamare ya zama tafintansu. Ba laifin yaran ba ne. Abin da aka auna shi suka noma.

Shekarun 1990 suka zo da yajin aiki, da jinkirin albashi, da karyewar darajar sefa a 1994, littafi ya yi tsada, aka koma dogaro da malaman kwantaragi. Abin da ya riƙe kunne a lokacin shi ne kulob-kulob na Ingilishi da malamai masu kishi suka riƙa kafawa, ana muhawara da ƴar wasan kwaikwayo da yamma ba tare da an biya kowa ba. A watan Janairu na 2011 Peace Corps ta janye daga ƙasar saboda tsaro. Kafin nan, a 2010, an kafa jami'ar Zinder, wadda yau ke ɗauke da sunan André Salifou, masanin da ya rubuta tarihin Damagaram, kuma yanzu a gida ake horar da masu digirin Ingilishi.

Wayar salula ce ta haɗa hanyoyin nan biyu, ji da gani, da suka daɗe a rabe. Ɗalibar da ke shirin BEPC tana iya saurarar matani tana bin rubutunsa da ido, ta mayar baya sau nawa ta ga dama, ta tura wa ƙawarta ta WhatsApp, in dai akwai caji da kuɗin intanet, waɗanda ba kowane gida ke da su ba. A watan Maris na 2025 sabon kundin ƙasa ya ayyana Hausa harshen ƙasa, ya sa Ingilishi da Faransanci a matsayin harsunan aiki. Harshen aiki kuwa a ofis da waya da taro ake jin sa, kuma mafi yawan makin da ɗan Damagaram ke nema a takardarsa har yanzu a kan matanin da ya karanta shiru suke.