Tarihin Wani Mai Fenti na Garin Hastings

Da yawa cikinku, ku 'yan makaranta, kun ga masu fenti bisa tsani suna shafe ofis ko asibiti, amma ba ku taɓa tambayar ko su wane ne ba. To, yau za mu ba ku labarin ɗaya daga cikin masu wannan sana'a, wanda ya zauna a Hastings, wani gari na bakin teku a kudancin Ingila.

Sunansa Robert Noonan. An haife shi a birnin Dublin na ƙasar Ailan cikin shekarar 1870. Ubansa, Samuel Croker, babban mutum ne, ya yi aikin 'yan sanda, ya kuma yi alƙalanci. Amma bai auri uwar yaron ba, watau Mary Noonan, yana ma da wani iyalin dabam. Da Robert ya girma sai ya ajiye sunan uban, ya ɗauki na uwarsa. Ko da yake ya sami ilmi, har yana jin harsuna da dama, bai nemi aikin akawu ba, ya kama burushi.

Yana saurayi ya tafi Afirka ta Kudu. A can ya yi aure cikin 1891, aka haifa masa 'ya mai suna Kathleen cikin 1892. Auren bai yi ƙarko ba, aka rabu, aka bar masa yarinyar. A Johannesburg ya sami aiki mai tsoka, ya zama sakataren wata jam'iyyar ma'aikatan gini. A nan kuwa ba za mu rufa masa ba: jam'iyyar nan ta Turawa ce, ba ta son a ba baƙar fata aikin gwaninta.

Cikin 1901 ya koma Ingila tare da 'yarsa da 'yar'uwarsa Adelaide, wadda mijinta ya rasu, suka sauka a Hastings. Nan ne duniya ta juya masa baya. Gwani ne ƙwarai wajen rubuta sunayen kantuna a allo da zanen adon bango, amma gwaninta ba ta hana yunwa a garin nan. Da awa ake biyan masu fenti, kamar kwabo bakwai kowace awa. In sanyi ya shigo, rana ta gajarta, aiki ya yi ƙaranci, sai a sallami mutum ba ko anini. Iyayen gida kuwa suna gasar rage kuɗin kwangila, saboda haka sukan matsa wa ma'aikata su yi aikin gaggawa, a shafa sau biyu inda ya kamata a shafa sau uku. Wannan ya fi kome ci masa rai, don shi mutum ne mai son aikinsa ya yi kyau. Ga shi kuma tarin fuka ya fara kama shi.

Da dare, in ya dawo a gajiye, sai ya zauna rubutu. Ya rubuta littafi mai shafi wajen 1,600 da hannunsa, a kan zaman masu fenti, ya sa masa suna The Ragged-Trousered Philanthropists, watau masu kyauta da yagaggen wando, don a ganinsa matalauta ne ke yi wa mawadata kyautar ƙarfinsu. Tsoron kada a hana shi aiki ya sa ya ɓoye sunansa, ya kira kansa Robert Tressell, daga sunan teburin da masu manna takardar bango suke aiki a kai. Ya gama cikin 1910. Masu buga littattafai uku suka ƙi shi. Ransa ya ɓaci har ya so ya jefa shi wuta, Kathleen ce ta hana, ta adana shi cikin akwatin ƙarfe ƙarƙashin gadonta.

A shekarar nan ya tafi Libaful don ya nemi kuɗin jirgi zuwa Kanada. Bai kai ba. Ya rasu a asibiti ran 3 ga Fabrairu, 1911, yana da shekara 40, aka binne shi cikin kabarin matalauta tare da mutum goma sha biyu.

Bayan haka Kathleen ta sayar da littafin fam 25. Aka buga shi cikin 1914, amma an datse fiye da sulusinsa. Sai 1955 aka fitar da shi cikakke, bayan wani mutumin Hastings, F. C. Ball, ya bi diddigin takardun asali ya samo su. An sa dutsen shaida a kabarinsa cikin 1977. Adon da ya zana a majami'ar St Andrew ta Hastings cikin 1905 kuwa, da aka rushe majami'ar cikin 1970, yanki ɗaya kaɗai aka tsirar, aka kai shi gidan adana kayan tarihi na garin.