Ina Za a Ɗaure Sulken Waya? Auna Girgizar Injina a Wuraren Casa da Niƙa na Birnin Kudu da Gwaram

Tsakure

Maƙalar ta duba wayar da ke ɗaukar saƙo daga na'urar jin girgiza zuwa mitar da ke karanta shi. Ta nuna da lissafi cewa kutsen wuta na milibolt 10 ya isa ya sa a yanke wa lafiyayyen inji hukuncin rashin lafiya, kuma ta goyi bayan ɗaure sulken wayar da ƙasa a baki ɗaya kawai.

Gabatarwa

Daga Birnin Kudu, a kan hanyar Kano zuwa Maiduguri, har kasuwar Sara a ƙaramar hukumar Gwaram, injinan casar shinkafa da niƙa da matsar gyaɗa na aiki tsakanin wutar KEDCO da janareta. Mai inji yakan gane boris ya ci da kunne, ko da tafin hannu a jikin moto. Na'urar jin girgiza tana riga kunne sani, amma saƙonta ɗan ƙanƙane ne: irin IEPE da aka fi sayarwa tana ba da milibolt 100 a kowane g guda na ƙarfin girgiza. Don haka ake lulluɓe wayarta da sulken tagulla ko na alminiyam.

Waiwaye

Ralph Morrison, a littafinsa na 1967 kan haɗin ƙasa da sulke a kayan awo, da Henry Ott a nasa na 1976, sun tsaya a kan cewa saƙon da zagayensa ke ƙasa-ƙasa sulkensa baki ɗaya ake ɗaurewa. Daga baya ƙa'idar IEC 61000-5-2 ta 1997 ta karkata ga ɗaure baki biyu, Keith Armstrong na Ingila kuma ya daɗe yana kare wannan ra'ayi. Ba a musun hujjarsu: sulken da aka saki bakinsa ɗaya ba ya tare kutse mai saurin zagaye. Sai dai sun gina ta a kan masana'antar da aka haɗe duk ƙarafunta wuri guda, aka kuma shimfiɗa kakkaurar wayar ƙasa a gefen kowace wayar saƙo. Mai karanta su a nan yakan ɗauki hukuncin ya bar sharaɗin. Rumfar casa da aka kafa wa janareta sandar ƙasa daban, moto ma daban, a ƙasar da ke bushewa ƙayau da rani, ga dutse kusa da sama, ba ita suke nufi ba.

Hanyar Bincike

Lissafi aka yi, bisa ƙarfin na'urar IEPE, saurin juyin moto a wuta mai Hz 50, da iyakokin ISO 10816-3 na injina masu kilowat 15 zuwa 300 da ke kan daskararren tushe.

Sakamako

Idan aka ɗaure sulke a jikin moto aka sake ɗaure shi a akwatin mita, kuma ƙarfin wutar wuraren biyu ya bambanta ko da kaɗan ne, sulken ya zama hanyar da wuta ke bi. A waya mai zare ɗaya, wadda sulkenta shi ne hanyar dawowar saƙo, kutsen yana hawa kan saƙon kai tsaye.

Ga nauyinsa. Milibolt 1 a na'ura mai milibolt 100 daidai yake da g 0.01, wato mita 0.098 a daƙiƙa cikin daƙiƙa. A raba wannan da 314, wanda shi ne Hz 50 sau 2π, sai a sami milimita 0.31 a daƙiƙa. Milibolt 10 ke nan ya zama milimita 3.1, ya haye iyakar 2.8 da ƙa'idar ta sa tsakanin injin da za a bari ya yi ta aiki da wanda ke neman gyara. Milibolt 15 ya ba da 4.7, sama da 4.5 inda ake cewa girgizar na iya lalata inji. Duk wannan kuwa injin bai motsa ba.

Abin da ya fi damun mai wannan bincike shi ne inda kutsen ke sauka. Moto mai juyi 2,970 a minti yana juyi 49.5 a daƙiƙa, rashin daidaiton nauyi kuma a daidai nan yake bayyana. Tazararsa da wutar Hz 50 rabin Hz ce. Mitar da ke raba Hz 1,000 gida 1,600 kowane gidanta Hz 0.625 ne, saboda haka biyun suna cakuɗewa su fito kamar abu guda. Moto mai juyi 1,450 ma bai tsira ba, domin ninkin juyinsa 48.3 ne, nan kuma ake neman alamar karkacewar shaf. Ƙananan mitocin hannu da ke nuna lamba ɗaya tal ba su da ta cewa. Makaniki zai kwance fuli da bel yana neman ciwon da ke cikin waya, a tsakiyar kakar shinkafa, manoma na zaune kan buhunansu.

Wani zai ce a sa matatar da ke cire Hz 50. Janareta ba ya zama a 50. Da an zuba shinkafa inji ya ɗauki nauyi sai ya sauka. Matatar kuma da kutsen da girgizar gaskiya take kwashewa tare.

Maganin ba shi da tsada. A ɗauki waya mai zare biyu murɗaɗɗu, domin murɗin ne ke kashe kutsen maganaɗisu a Hz 50, sulke ba ya iya wannan. A ɗaure sulken a wajen mita, a raba na'urar da jikin moto da abin da ba ya wuce wuta, a kuma nisanta wayar da ta moto. In dole su haɗu, su gicciye juna. Saƙaƙƙen sulken tagulla ya fi jure girgiza, na alminiyam tsagewa yake yi. Gwajin tabbatarwa: a yanke wa moto wuta ana kallon mita. Girgizar gaskiya tana sauka a hankali tare da juyi, kutse kuwa ɗauke yake yi nan take.

Iyakar Bincike

Lissafin na wuta mai Hz 50 ne. Injin dizal mai jan bel kai tsaye ba ya ciki. Inda aka sa inbata mai sarrafa gudun moto, kamar a famfunan sola, kutsen na kaiwa dubban Hz, kuma a nan dole a ba su Armstrong gaskiyarsu: sai a ɗaure bakin na biyu, amma ta cikin ƙaramin kwandansa.