Gwajin Zoɓo

Gwajin zoɓo wani gwaji ne na kimiyya da ake koya wa yara don su bambance asid da kishiyarsa, wato alkali. Ruwan zoɓo yana ɗauke da sinadarin antosayanin, wanda launinsa ke sauyawa gwargwadon abin da aka haɗa shi da shi. Saboda haka yakan maye gurbin takardar litmus a makarantun da ba su da ɗakin gwaje-gwaje.

Yadda ake yi

Ana jiƙa busasshen zoɓo a ruwan zafi, a tace, a raba kofi uku. A matsa lemon tsami a na farko, sai jansa ya ƙara haske. A zuba ruwan kanwa a na biyu, sai ya rikiɗa ya yi kore-kore. Na uku ana barinsa don kwatantawa. A birnin Kano ana samun zoɓo da kanwa da araha a Kasuwar Kurmi. Ba a ba yara soda mai ƙuna, domin tana cin fata.

Tarihi

Robert Boyle ya bayyana irin wannan sauyin launi a ruwan furanni cikin littafinsa na shekarar 1664.