Labarin Jahi, da Yadda Kayan Yaƙi Suka Koma Kayan Hawa

Duk wanda ya taɓa tsayawa a Ƙofar Kudu ta gidan Sarkin Kano ran Hawan Daushe, ya ga hakimi ya ware da mahayansa, sun sako dawaki a sukwane sun nufo Sarki, sai da ya rage kaɗan su cim masa kāna suka ja linzami, dawaki suka tirje, ƙura ta tashi, suka ɗaga masu suka yi jinjina, to, ya ga abin da ya saura na yaƙin Hausa na dā. Wannan shi a ke kira jahi. Yau kwaikwayo ne, ba a zubar da jinin kowa, amma ba da kwaikwayo ya faro ba. Labarin yadda ya koma haka kuwa ya shafi ma'aikatan En'e fiye da kowa, domin a hannunsu al'amarin ya juya.

Kayan da a ke gani a wurin hawa ba rana ɗaya suka zo ba. Littafin Tarihin Kano ya nuna Sarki Kananeji, wanda ya yi sarauta daga 1390 zuwa 1410, shi ya fara kawo lifidi da kwalkwali da sulke. Muhammadu Rumfa, 1463 zuwa 1499, shi ya fari dawakin zage cikin yaƙinsa da Katsina, da kakaki, da figini. A zamanin Kumbari, 1731 zuwa 1743, aka zo da garkuwoyi daga Nupe, da bindigogi. Babba Zaki, 1768 zuwa 1776, shi ya fara ajiye 'yan bindiga su tsare Sarki. Watau abin da mai kallo ke gani ya wuce gabansa cikin yamma guda, an yi kusan shekara ɗari huɗu ana tara shi, kowane abu kuwa bukatar yaƙi ce ta kawo shi. Ko dawakin zagen nan da a ke ja ba kowa a kansu, waɗanda yau a ke ɗauka ƙawa ce, asalinsu in dokin Sarki ya gaji ko aka harbe shi, ya sami na sauyawa nan take.

Lifidi ya fi sauran bukatar bayani, don shi mutane suka fi kallo, shi suka fi jahilta. Tufa ce a ke cusa wa auduga a ɗinke ta da kauri, a rufe doki da ita tun daga wuya har ƙasan gwiwa, mahayi kuma ya sa tasa, ya ɗora kwalkwali. Maganin kibiya mai dafi ne, gama a yaƙin wannan ƙasa ƙwarzane kaɗan ya isa ya kashe doki. Amma fa yana da nauyi, ga zafi, ga shi ba ya shiri da wuta, shi ya sa maharba kan aika masa kibiya mai wuta. Dokin lifidi ba ya sukuwa mai nisa. Aikinsa shi ne ya tafi a hankali ya keta sahun abokan gaba, masu sauƙin kaya su bi ta ɓarakar. Sulke kuwa rigar zobban ƙarfe ce, fatake ke zuwa da ita ta Hamada daga wajen Masar da Tarabulus, don haka sai manya ke samunta. Tsohon sulke na ƙwarai ana gane shi da cewa kowane zobe an ɗaure bakinsa da 'yar ƙusa, na baya-baya kuwa lanƙwasa bakin kawai aka yi.

Akwai wanda ya ga waɗannan kaya suna aikinsu na gaske ya rubuta. Kyaftin Kilafatan, Baturen nan da mutanen Sakkwato suka sani da suna Abdullahi, ya tarad da Sarkin Musulmi Bello cikin 1826 ya kewaye Konya, birnin Gobirawa. Ya ba da labarin 'yan lifidi kaɗan ne ƙwarai cikin wannan babbar runduna, kuma ba mai iya hawa da kansa, sai an cicciɓa shi an ɗora bisa sirdi. Ya kuma ba da labarin wata tsohuwa, baiwa, mutuniyar Zamfara, bisa doki da goruna rataye, tana kewaya bakin dāga tana shayar da masu ƙishi da masu rauni. Mai karatu ya riƙe wannan tsohuwa a zuciya, za a komo kanta.

Ƙarshen wannan irin yaƙi ya zo cikin 1903. Ran 3 ga Fabrairu sojan Turawa suka shiga Kano, Sarki Alu yana kan hanyar Sakkwato da yawancin dawakin gari. Da labari ya iske su, Sarki ya rabu da jama'a cikin dare, runduna ta kasu biyu. Wambai Abbas ya ja mafi yawa suka komo gida, Waziri Ahmadu kuwa ya ƙi. A kusa da Kwatarkwashi ya gamu da wata 'yar ƙungiyar soja, ba su cika hamsin ba, suka sauka daga dawaki suka yi sahu kusurwa huɗu. Barade suka yi ta sako dawaki a kansu, ana kora su da harsashi, suna sake komowa, har wajen sa'a biyu. Nan Waziri ya faɗi, shi ya sa har yau a ke ce masa Mai Shahada. Ran 15 ga Maris aka gamu a bayan ganuwar Sakkwato, igwa da bindiga mai ruwa suka watsa dawaki tun ba su kai ga sahu ba. Cikin Yuli aka kashe Sarkin Musulmi Attahiru a Burmi. Cikin Afrilu 1906 Sarkin Haɗeja Muhammadu ya rasu yana yaƙi cikin garinsa. Daga nan sulke da lifidi ba su sake fita dāga ba.

Abin mamaki shi ne saurin da aka yi wajen fito da su don kallo. Turawa sun zo da al'adar nan daga Indiya, inda su kan tara sarakuna a Delhi, kamar yadda suka yi cikin 1877 da 1903 da 1911. Kalmar daba ma daga can ta taso, asalinta Farisanci, ma'anarta fada. Gwamna Lugga kansa a Indiya aka haife shi, can kuma ya fara aikin soja. Cikin 1911 aka yi taro a Zariya don naɗin Sarkin Ingila Joji na Biyar, shekara biyar kacal bayan Haɗeja. Ran 1 ga Janairu 1913 aka yi wanda ya fi shi a Kano, gaban Lugga. Sarkin Kano na wannan rana kuwa shi ne Abbas, Wamban nan na 1903. Saboda haka waɗanda suka fara kwaikwayon yaƙi a ƙasar nan su ne mayaƙan da kansu, da kayansu na ainihi, suna kai sura ga mutanen da suka harbe su shekara goma da suka wuce, suna ja wa dawaki linzami a gabansu. Bature yana ganin mubaya'a a ke yi masa. Mahayi kuwa yana iya cewa a ransa ga Sarkinsa ya ke yi, gama jahi ya girmi zuwan Turawa. Wannan fuska biyu ita ta sa kowane ɓangare ya yarda da abin.

A cikin shekarar nan ta 1913 aka yi makamancin haka a Amurka. Tsofaffin soja fiye da 50,000 suka taru a Getisbag, inda aka yi babban karo na yaƙin basasarsu cikin 1863. Waɗanda suka saura na rundunar Kudu suka sake taka filin da suka kai hari, suka iske abokan gabansu na dā a bayan wata katangar duwatsu, suka yi musafaha. Amma can ɓangarorin biyu ne suka zo tuna rana guda sananniya. A Kano ba a ambaci Kwatarkwashi ba.

Daga nan hawa ya zama aikin ofis. Da aka yanka ƙasa gunduma gunduma, aka fitar da hakimai daga birni kowa ya zauna a tasa, sai Salla ta zama lokacin da su ke shigowa da dagatai da mahaya su nuna kansu ga Sarki. Aka ƙara hawan zuwa gaida Razdan, wanda a Kano a ke kira Hawan Nasarawa, a Katsina da Zazzau Hawan Bariki. In babban baƙo zai zo, kamar Yariman Ingila a Kano cikin 1925, ko Sarauniya Elizabet a Kaduna cikin 1956, malaman En'e ne ke rubuta yawan dawakin kowane hakimi, su tanadi zango da rijiya, da harawa da dusa da kanwa, ma'aji ya fitar da kuɗi daga baitulmali. Waɗansu sun yi makonni a hanya kafin su kai Kaduna. Aiki ne wanda ba a yi wa kirari, amma ba don shi ba da tuni asu da gara sun gama da lifidi a ɗakunan ajiya. Sarautun yaƙi kuma, irin su Madaki da Barde da Sarkin Dawaki, suka zama na haraji da shari'ar gona, sai ran hawa kaɗai su ke tuna asalinsu. Cikin 1959 Jihar Arewa ta sami mulkin kai, aka zaɓi 15 ga Maris da gangan, ranar faɗuwar Sakkwato, aka yi hawan murna a Kaduna cikin Mayu.

To, amma hawa ba tarihi ba ne cikakke, wajibi ne mai karatu ya san inda ya gaza. A Ingila akwai ƙungiya wadda Birgediya Pita Yan ya kafa cikin 1968, mutane masu sana'o'insu su kan ɗinka kayan sojan yaƙin basasar ƙasarsu na 1642 da kuɗin aljihunsu, su fita fili ran hutu su kwaikwayi karo kaza na shekara kaza, wasu su ci, wasu su faɗi. Hawan Hausa ba shi da abokin gaba, ba mai faɗuwa, ba ranar da a ke tunawa. Runduna ce kawai ta zo gaida mai ita, saboda haka abin da ya ke nunawa shi ne wa ke gaba da wa, ba yadda a ke yaƙi ba.

Babban abin da ya ɓoye shi ne dakaru. A kowace runduna ta dā masu tafiya ƙasa sun ninka mahaya sau da yawa. A Tabkin Kwatto, cikin 1804, dawakin jama'ar Shehu ba su wuce ashirin ba, Sarkin Gobir Yunfa kuwa ya zo da barade da 'yan lifidi, amma 'yan baka suka kore shi. Watau daular da jikokinta ke hawa yau da kwari da baka aka kafa ta, ga shi a wurin hawa 'yan baka tsiraru ne, sun wuce kafin mai kallo ya waiwaya. Tsohuwar nan mai goruna ba ta da wuri cikin jerin ko kaɗan. Haka kuma mutanen da a kan koro a ɗaure bayan an ci gari, alhali kuwa sau da yawa da su a ke sayen dawakin. Yaron da bai san yaƙin dā ba sai ta hawa zai tashi yana zaton kowa barde ne.

Cikin 1976 aka rushe tsarin En'e, ƙananan hukumomi suka gaje ta, nauyin hawa ya koma kan majalisun sarakuna da aljihun hakimai. Cikin 1977 aka yi babban hawa a Kaduna don bikin al'adun baƙar fata na duniya. Cikin Disamba 2024 hukumar UNESCO ta sa hawan Kano cikin jerin al'adun da duniya ta gada. Masu kallo sun ƙaru, ado ya ƙaru, samari masu sha'awa suna kiwon dawaki da kuɗinsu don su shiga ayarin wani hakimi. Kayan kuwa sai ƙara sauƙi su ke yi, domin wanda ba ya tsoron kibiya ba ya bukatar auduga mai kauri, kuma ɗan lifidin da zai iya hawa ba a cicciɓa shi ba, ba irin wanda aka gani a Konya ba ne. Tsofaffin sulkuna masu ƙusa a bakin zobe suna nan a waɗansu gidajen sarauta da gidajen ajiye kayan tarihi, ana iya ɗaga su a gwada nauyinsu da na waɗanda a ke sawa ran Salla.